Shaidar da Na Bayar a Filin Gokat

Shekara tara Alhaji yana ɗaukata a tasinsa. Ba kullum ba, sai ranar ruwa ko ranar da na gaji da jirgin ƙasa. In na fito daga ginin da muke watsa shirye-shirye, a kudu maso yammacin Washington, sai in tarar da shi a kwanar titi, ya sauke gilashi. Mutumin Maraɗi ne, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma dukanmu a Hyattsville muke zaune, titi uku ne tsakaninmu. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Mai labaru" yake ce mini.

A baya nake zama, hannun dama. Da farko na so in zauna gaba don girmamawa, ya hana. Ya ce gaba wurin apranti ne, wato karen mota, shi kuwa ya daina ɗaukar apranti tun da ya bar babbar mota.

Kafin ya zo Amurka ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Agadas. Ba mai yawan ba da labarin hanya ba ne, amma akwai guda ɗaya da na ji ya fi sau biyar. Yana apranti motarsu ta lalace a daji, suka kwana biyu, ruwansu ya kusa ƙarewa. Wata mota ta zo ta wuce su ba ta tsaya ba. Daga baya aka gane direban. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai ƙararsa. Sai dai a tasha duk ba wanda ya ƙara cin abinci da shi a kwano ɗaya, har ya bar garin. Alhaji yakan rufe labarin da cewa, "Direba ba ya wuce motar da ta mutu." A babban titin da ya zagaye Washington na sha ganin ya ratse gefe saboda wani baƙo da tayarsa ta fashe, ni ina zaune a baya ina duba agogo.

Wata bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Da sauƙi ya zo. Cikin wata biyu hannu ya dawo, ƙafa ta dawo, magana ta miƙe. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Likita ya ce idanunsa lafiya lau suke, amma duk abin da ke hagunsa ba ya isa ƙwaƙwalwarsa. Kuma mai wannan larura ba duhu yake gani a wajen ba, balle ya san akwai abin da ya ɓace masa. Shi a wurinsa duniya cikakkiya ce. Aka dakatar da lasisinsa, wanda shi yake kira permi. Motar tasa ce ta kansa, tana nan a ƙofar gida, makulli a aljihunsa.

'Yarsa ta fari ce ta zo ta same ni wata Lahadi. Tana da shekara shida aka kawo ta ƙasar nan, a lokacin kuma tana karatun aikin jinya. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, sai in da manya take magana, sai ta daure ta riƙa ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, Baba ya ja mota."

Ranar Juma'a ya tafi masallaci a Landover shi kaɗai, ya dawo madubin hagu yana reto. Ya ce wani ne ya buge masa a wurin ajiye motoci. Ta ce a gida ma kafaɗarsa ta hagu duk ta yi shati saboda karo da bakin ƙofa. Mahaifiyarta ta yi magana, ya ce ta bar masa harkar mota. Ita kuma ba za ta iya sa hannu a aljihun mahaifinta ba.

Da yamma na je gidan. Ya sa aka kawo shayi, ya bari na gama zagaye-zagayena, sannan ya ce, "Mai labaru, na san mi ya kawo ka. Likitan nan bai taɓa zama bayana ba. Fitila ya haska mini cikin akwati, ya ce in danna. Akwati mota ce? Wagga kuma ɗiyata ce, tsoro ne ke magana a bakinta."

'Yar tasa ce ta kawo maganar gokat. Ta ce akwai wani fili a wani gari da ke arewa da mu, tafiyar minti arba'in, inda ake hayar 'yan ƙananan motocin tsere, kuma ba a tambayar lasisi. An kewaye hanyar da tsofaffin tayoyi, ko mutum ya yi karo ba abin da zai same shi. Ta je can sau biyu da abokan karatunta.

"Motar yara?" in ji Alhaji. Ya yi dariya har ya ajiye kofi. "Ni da na ja tan talatin cikin rairayi?"

"Tana da sitiyari, Baba. Tana da birki."

Ya sake ɗaukar kofin ya kurɓa. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi. Ba ita za ta yanke hukunci ba, ba kuma likita ba. Ya nuna ni da haɓa. "Wanga. Aikinshi ke nan, ya gani ya faɗi. In ya ce tuƙina lahiya lau, ki kai ni wurin wani likita, kuma ba mai ƙara yi mini maganar makulli. In ya ce a'a, ga makulli, a saida motar."

Na ce wannan nauyi ne babba. Ya ce, "Kullum kana faɗa wa duniya wa ya mutu, wa ya ci zaɓe. Wannan ne ya yi maka nauyi?"

Asabar muka tafi, a motata. Lokacin ganyayen itatuwa sun fara ja. A wannan tafiyar ya zauna gaba, tun daga Hyattsville yana gyara mini tuƙi: na cika matse na gabana, ina taka birki kamar mai kashe kunama. Ya sa babbar riga ta shadda, ruwan toka, da hula sabuwa, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Garin ba babba ba ne, ba kuma ƙauye ba. Filin yana bayan wani kantin katifu, kusa da wurin wanke motoci. Hanyar kwalta ce mai lanƙwasa, an jera tayoyi baƙi da fari a gefe biyu, ga wani dandamalin katako na 'yan kallo. Warin fetur da na soyayyen dankali sun cika wurin. Akwai iyalai da suka zo bikin ranar haihuwa, akwai wasu ma'aikatan ofis su shida sanye da riguna iri ɗaya. Motocin kansu ba su kai gwiwata tsayi ba. Kujera ce a kan ƙarafa, inji a baya mai ƙara irin ta ƙaramin janareto.

Matar da ke ba da tikiti ta dubi babbar rigar ta girgiza kai. Ta ce ba a shiga da tufa mai yalwa, ƙarfen taya zai iya naɗe ta. Alhaji ya dube ni, ya dubi 'yarsa. Sannan ya cire rigar a gaban mutane, ya ninke ta sau uku, ya ɗora hular a kai, ya miƙo mini. Ya rage daga shi sai 'yar ciki da wando. Ban taɓa lura da yadda ciwon ya rage shi ba sai ranar. Da na karɓi rigar na ji nauyin makulli a aljihunta.

Wani ma'aikaci mai gemu ya tara su ya karanta dokoki. Feda biyu ce, kore ta tafiya, ja ta birki. Tuta rawaya, a rage gudu. Tuta ja, a tsaya. Ya maimaita doka ɗaya har sau uku: duk abin da ya faru, kada kowa ya fita daga motarsa. In ka maƙale, ɗaga hannu ka jira. Alhaji yana jin Turanci, shekara goma sha bakwai yana ɗaukar fasinja da shi. Na ga ya gyaɗa kai duk sau ukun.

Ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Ya lalubi gefe da gefe, ya ɗago ya kira ni. "Mai labaru! Ba madubi, ba giya, ba oda. Wagga ba mota ba ce, baro ne!"

Su goma aka saki. 'Yarsa tana cikinsu, ta ce tana so ta bi shi a baya ta gani da idonta. Ni na hau dandamali, riga a hannun hagu, ɗan littafina a dama.

Zagaye biyu na farko ba zan manta da su ba. Kowa ya fizgi motarsa, shi kuwa ya tashi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya kama hannun dama. Kafin kowace kwana sai ya miƙa hannu waje ya ba da sigina. Wanda ya matso bayansa, sai ya yafito shi ya wuce. Mutanen da ke kusa da ni suka fara dariya, wani ya ɗaga waya yana ɗaukarsa. Hular kwano ta rufe fuskarsa, amma na san kafaɗun nan. Shekara tara ina kallonsu daga baya. Sun sauka, sun saki, yadda suke yi in mun hau babban titi babu cunkoso. A zagaye na uku ya ƙara wuta. Ya shiga kwanar ƙarshe ya fita ba tare da tayarsa ta yi ko ƙara ba, na ji mai wayar ya daina dariya.

Na rubuta abin da na gani. Sau biyu a doguwar miƙaƙƙiyar hanya ya zame hagu har ya goga tayoyi. Sau ɗaya wani ya wuce shi ta hagu, na ga ya zabura bayan motar ta riga ta shiga gabansa. Amma ma'aikatan ofishin nan sun fi shi karo nesa ba kusa ba, su da idanunsu ƙalau. Na fara shirya jimlar da zan faɗa masa. A aikinmu mun iya irin wannan jimla, wadda ba ƙarya ba ce, ba ta kuma ce komai ba. Zan ce ban ga abin da zai sa a yanke hukunci yau ba. Ya samu wata ɗaya ko biyu, wani likitan ya ɗauki nauyin.

A zagaye na shida wata mata daga cikin masu bikin ta shiga kwanar dama da gudu, motar ta juya da ita, ta cusa hanci cikin tayoyin waje. Ta ɗaga hannu tana dariya. Motoci biyu suka wuce ta. Alhaji ne na uku. Tana gabansa sosai lokacin da ya nufo kwanar, don haka ya gan ta.

Ya sha kwanar, ya ba da sigina, ya ratse hannun dama ya tsaya. Ya kwance bel ɗin kujera. Mai gemu ya fara kaɗa tuta yana ihu daga can nesa. Alhaji ya dafa kujera ya miƙe, ya juya, ya fara tsallaka hanya zuwa wurin matar.

'Yarsa ce ta fito daga kwanar. Ta riga ta yi masa zagaye guda, tana tafe da gudu don ta sake kamo shi. Daga hagunsa take zuwa. Na ga ƙafarta ta miƙe a kan birki, na ga ta murɗe sitiyari da ƙarfi, motar ta yi gefe, ta wuce ta bayan ƙafafunsa ta daki tayoyin ciki. Tayoyi biyu suka yi tsalle. Shi bai waiwaya ba. Bai ko sassauta tafiya ba. Ƙarar injuna goma da hular kwano sun toshe masa kunne. Ya isa wurin matar, ya kama ƙarfen bayan motarta, ya ja ta baya, ya daidaita mata hanci, ya buga mata tafin hannu a kan inji sau biyu, yadda ake sallamar babbar mota a tasha.

Aka ɗaga jar tuta, aka kashe tseren. Mai gemu ya iso a guje, fuskarsa ta yi ja. Ba zagi ya yi ba. Ya ce Alhaji ya fita, ba zai ƙara shiga ba. Alhaji ya cire hular kwano ya amsa masa da Turancin tasi, a tsanake, cewa matar ta maƙale ne kuma mutum biyu sun wuce ta. Matar ta zo ta yi masa godiya, tana kallonsa tana kallon ma'aikacin, ba ta san ɓangaren da za ta bi ba.

Ya taho wurina yana murmushi. "Ka gani? Sun kore ni don na taimaki mutum. Ƙasar ga!" Ya karɓi rigarsa ya zura. Sai ga 'yarsa ta iso, ta tallafe wuyan hannunta na dama da hannun hagu, an ba ta ƙanƙara a leda.

"Ke kuma mi ya same ki?"

"Na bugi taya, Baba."

"Ai na faɗa miki. Kahin kwana ake rage gudu, ba cikin kwana ba. Ku yaran nan kun iya karatu, ba ku iya ƙafa ba."

Ta ce, "To, Baba." Ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Har yau ban san abin da take roƙo da wannan kallon ba, in faɗa ko in yi shiru.

La'asar ta yi. Muka yi alwala da ruwan gora a bayan motata, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawar da ke gefen wurin ajiye motoci. Shi ya ja mu. Da muka idar, 'yarsa ta taso daga baya ta zauna kusa da shi, ta hagu. An sake sakin wasu motocin, ƙararsu tana tashi tana sauka. Ya shafa addu'a, ya juyo gare ni.

"To, mai labaru. Mi ka gani?"

Jimlar da na shirya tana nan a bakina. Na ajiye ta. Na ba shi labarin yadda aka koya mini, abu mafi girma a farko. Na ce, "Alhaji, lokacin da kake tsallaka hanya, mota ta kusa kaɗe ka. 'Yarka ce a ciki. Ta kauce maka ne ta bugi tayoyi, a nan ta ji ciwo a hannu."

Ya ce, "Babu mota. Na duba."

"Akwai."

"Ta wane hannu?"

"Hagu."

"Nesa?"

Na duba ƙasa. Takalmansa suna gefen darduma. Na ce, "Kamar daga gwiwarka zuwa takalman nan."

Ya daɗe yana kallon takalman. Sannan ya ce, "Ina take? Kira mini ita."

Ba ta kai kamu ɗaya daga kafaɗarsa ba. Na dube ta, ita kuwa ba ta yi motsi ba. Ya dube ni, ya ga inda idona yake. A hankali ya juya kansa, ya ci gaba da juyawa har sai da ƙirjinsa ma ya juya, sannan ya same ta.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da aka sallame, Baba."

Ya kama hannun, ya ɗaga ledar ƙanƙarar, ya duba kumburin. Ya danna da babban yatsa, ta ja numfashi. Ya mayar da ledar. Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da makullin, ya cire na gida daga zoben da farcensa, abin ya ɗauke shi lokaci, ba wanda ya taya shi. Ya ajiye na motar a kan cinyarta. Ya miƙe ya naɗe dardumar da kansa.

Da muka zo shiga mota na buɗe masa gaba. Ya wuce ni, ya buɗe baya, ya zauna a hannun dama. Muka biya asibiti aka ɗauki hoton hannun, aka ce ƙashi ya tsage kaɗan, aka ɗaure. Har muka isa Hyattsville bai gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba.

Wani ɗan Damagaram ne ya sayi motar. Alhaji bai fito ba ranar da aka zo ɗaukarta. Bai yi fushi da ni ba, ko kuma in ya yi, bai nuna ba. Muna haɗuwa a masallaci, gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai dai daga ranar nan ya koma ce mini Malam. Sau biyu na tarar da shi a tashar bas na tsaya, ya ce in wuce abina, bas na tahe.

Shekara ta zagayo ya ce zaman ɗaki ya ishe shi, ya koma Maraɗi. Iyalin suka zauna saboda karatun yara. Damina biyu ya yi a can, Allah ya karɓi abinsa.

Na sha komawa kan abin da na faɗa a kan ciyawar nan, kalma bayan kalma, yadda nake duba rubutu kafin in shiga ɗakin watsa labarai. Ban sami kuskure ba. Wuri ɗaya ne nake tsayawa. Da na iya cewa wata mota ce, in tsaya a nan, ban ambaci 'yarsa ba. Gaskiya ce ita ma. Ban sani ba ko da ta isa ta fitar da makullin daga aljihunsa, ko da sai ya ce yaran Amurka ne ba su iya tuƙi ba.

Ranar da muka je ta'aziyya a gidansu, 'yar ta fito ta raka ni bakin ƙofa. Ta riga ta fara aiki a asibiti. Hausarta ta ƙaru, ina jin saboda yawan waya da gida. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, sannan ta tsaya tana murza wuyan hannunta na dama.

Ta ce, "Kawu, hannun nan ya warke cikin mako shida. Na faɗa masa, na sake faɗa masa. Amma duk wayar da muka yi, kafin ya tambayi Mama, kafin ya tambayi kowa, sai ya ce, yaya hannun? Har wayar ƙarshe, ranar Laraba."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin, ta koma ciki wurin baƙi.